Muryar Gwaggo a kan hanyar Dungu

Shekarar da na dawo Matameye daga karatu, Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana aikin unguwarzoma. Abokan aikinta na Tsauni da Dungu kan kira ta neman shawara idan haihuwa ta zo da gardama. Don in sauƙaƙe musu, na ɗora wata manhaja a kan wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ta riƙa haɗa kiransu ta intanet. Manhajar ba ta da mai ita. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke rubuta ta tare, kowa na iya leƙa cikinta.

Gwaggo ba ta yarda ba. Ta ce, "Ɗana, maganar mata muke yi. Wa ya san kunnuwan da ke kan hanya?"

Na ce mu gwada mu gani. Da hantsi ta kira abokiyarta ta Dungu, suka taɓa hirar ruwan da ya yi jinkiri. Ni kuwa ina gefe da wata na'urar, ina tsintar abin da ke ratsa rezo, wato hanyar intanet. Da suka gama na kunna mata. Sai ga muryarta tar, har da tarin da ta yi a tsakiya. Ta dafe ƙirji tana salati. Ni kaina jikina ya yi sanyi, don a takarda kawai na san hakan.

A lokacin masu manhajar sun ƙara mata sabon kulle mai rikita magana kafin ta kama hanya, suna neman masu gwadawa. Na kunna shi, kira ya ƙi shiga sam. Na rubuta a dandalinsu, ban sa rai ba. Kafin la'asar wani ya amsa daga wata ƙasa mai nisa, ya ce in duba agogon ordinatar. Ashe agogon ya koma shekarun baya, shi ya sa wayoyin suka ƙi amincewa da shaidar na'urar. Mutumin bai taɓa jin sunan garinmu ba, amma ya hango abin da ke kan teburina.

Na gyara agogo. Gwaggo ta sake kira, suka yi dariyarsu, na sake tsinta. Da na kunna, babu komai sai shuuu, kamar ana sheƙar gero.

"Ina maganar tawa?" in ji ta.

"Tana ciki, Gwaggo. Amma wayar Dungu kaɗai ke iya warware ta."

"Har kai ba ka iya ji?"

"Daga kan hanya, har ni."

Ta daɗe tana kallon na'urar, sannan ta ce, "Ikon Allah."

Washegari aka kira ta daga Tsauni kan wata mai ciki da jini ya ɓalle mata. Ta ɗauki wayar ta shiga ɗaki, ta ce in fita waje.