Taimama a Bangon Gishiri

A gidanmu na unguwar Sparkhill, can ƙasar Turawa, ɗaki ɗaya ake kunna wa hita saboda sanyi, don a shekarun nan na tsuke bakin aljihu har Baba, da yake likita, sai da ya koyi kashe wuta. Nan Inna, mahaifiyarsa, take tara mu bayan magariba, ni da ƙanena Sadik. Tun da council, hukumar garin, ta rufe cibiyar da tsofaffin unguwa ke haɗuwa, mu kaɗai muka rage mata abokan hira.

Akwai tatsuniyar da ba ta yi sai Baba yana gida. Takan jira ya zauna gaban kwamfutarsa, sannan ta ɗaga murya: "Ga ta nan. Ta yau ba ta dawa ba ce, ta ƙarƙashin ƙasa ce."

Wai wata tsohuwa ce ɗanta ya kai yawon buɗe ido wata ƙasa mai sanyi. Aka yi ta sauka da su ramin haƙar gishiri, sai ga coci a can ƙasa, bango gishiri, daɓe gishiri, har fitilun da ke rataye a sama na gishiri ne. Tsohuwa ta ce a ranta, mutanen da suka haƙa ƙasa haka don su ambaci Allah ba za su hana baƙuwa salla ba. La'asar na neman kuɓucewa, ga ba ruwa. Ta tuna malaminsu ya ce gishirin da ke mahaƙarsa ana taimama da shi. Ta tuɓe takalmi, ta buga tafukanta a bango, ta shafi fuska. Mai gadi ya taso da faɗa. Ɗan ya rugo ya janye hannunta, ya dubi mai gadin, ya ɗora yatsa a gefen kansa yana jujjuya shi.

"Why, Inna? Mahaukaciya ce?" in ji Sadik.

"Tambayi Babanku, shi ne likita."

Baba yakan ce, "Sadik, je ka yi homework." Ko waiwayowa ba ya yi.

Duk mun san tsohuwar nan Inna ce, don muna gida suka tafi Poland tare, ta dawo ba ta cin abinci. Abu ɗaya take nema, ɗanta ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure. Ta yi ta maimaita tatsuniyar har muka haddace, shi kuwa ya gwammace ya sayo mata sabon bargo.

Da ya samu aiki a Salford, aka ce sabon flat ɗin ya yi ƙanƙanta, gara Inna ta koma Kano. A filin jirgin Manchester ya durƙusa ya ce, "Inna, a yafe mana," irin wadda kowa ke faɗa wa matafiyi.

Ta ce, "Na yafe, Ɗanlami. Amma mai gadin nan har yau yana can yana cewa uwarka ba ta da hankali."

Ba ta sake dawowa ba. Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne a girmama iyaye. Yanzu da nake da nawa 'ya'yan, masu gyara min Turanci a gaban mutane, na gane abin ya fi haka ɗaci. Baba yana son Inna, wannan ba na shakka. Tsoron kallon baƙin ido ne ya fi ƙarfinsa, har ya zaɓi a ce uwarsa ta taɓu da a ce salla take yi.