Rigar da Ta Ƙi Yagewa

Irimiya tela mutumin kudancin Zazzau ne, ƙasar duwatsu, inda ko babban rafinsu yaro kan tsallake da ƙafa. A soja ya koyi ɗinki. Da aka sallame su bayan yaƙin duniya, ya bi wani abokinsa direba zuwa Birnin Kebbi, ya kama rumfa a bakin kasuwa ya kafa kekensa, matarsa Sara tana sa masa maɓallai. Bai iya babbar riga ba, bai kuma taɓa cewa ya iya ba. Kayan aiki yake ɗinkawa, kakin lebura da na direba da na masinja.

Mutum ne mai taurin kai, Allah ya ji ƙansa, amma aikinsa ba a kushe shi. Ba ya auna mutum a tsaye ƙiƙam. Sai ya sa ka tsuguna, ka miƙa hannu, ka yi kamar kana ɗaga buhu, a nan zai ga inda riga za ta matse ka. Kowane gefe sau biyu yake bi da zare mai kauri. Yadi kan mutu ya koɗe, ɗinkin yana nan. Baƙo ne, ba gona ba dangi a garin, wannan suna shi ne duk abin da ya mallaka, kuma ya sani.

Shekarar da aka sami mulkin kai, wani attajiri a Argungu, Alhaji Hodi, mai jiragen fito a gulbi, ya ga kowa yana sa wa ma'aikatansa kaki. Shi ma ya ce sai masu fitonsa goma sha biyu sun sa. Ya aika aka ɗauko Irimiya a mota ya zo ya auna su.

Babbansu shi ne Labbo, dattijo mai furfura wanda ya fi shekara talatin yana ƙetarar da mutane. Ya murza yadin da yatsu, ya girgiza kai.

"Malam tela, mu mutanen ruwa ba mu sa riga mai ƙarhi. Tsumma mu ka sawa, wanda in ƙaya ta kama shi, shi yage ka wuce."

Irimiya ya yi dariya. A zatonsa talauci ne ya koya wa tsohon yabon tsumma.

"Malam Labbo, zamanin tsumma ya wuce. Zan yi maka wadda jikanka zai gada."

Ya kuwa cika alkawari. A kafaɗar rigar Labbo sau uku ya bi, maɓallan kuma da hannunsa ya ɗaure su, bai bar wa Sara ba.

Ba a yi wata guda da bikin mulkin kan ba, gulbi yana cike maƙil da ruwan ƙarshen damina, wani jirgi ya kife da mutane da buhunan shinkafa. Labbo ya fitar da mata biyu, ya koma neman ta uku, bai sake ɗagowa ba. Labari ya iso Birnin Kebbi cewa gwanin ruwa ya nutse. Irimiya ya yi baƙin ciki, ya ce ikon Allah, ya ci gaba da taka kekensa.

Sai da Asiya, matar Labbo, ta fita takaba sannan ta zo. Ta tsaya bakin rumfa ta gaishe shi, ta kwance wani ƙunshi ta shimfiɗa a teburinsa. Rigar ce, an wanke ta fes. An tsaga bayanta tun daga wuya har ƙasa.

"Wanga wurin wuƙa ta yanke shi, sa'ad da anka hiddo shi. Saiwar giyayya ta riƙe shi ƙarƙashin ruwa. Duba ɗinkinka, ko zare guda bai tsinke ba."

Ya duba. Gaskiya ta faɗa. A kafaɗa yadin ya miƙe saboda ja, ga alamar farce inda mutumin ya yi ta kokawa da maɓallai.

"Ban zo hwaɗa ba, Malam. Kwanan shi sunka ƙare. Amma goma sha ɗaya na bisa ruwa da irinta."

Kunya da tsoro suka rufe Irimiya, irin wanda ko a fagen yaƙi bai taɓa ji ba. Washegari ya hau motar Argungu da almakashi a aljihu. Ya bi masu fiton ɗaya ɗaya ya karɓi rigunan, ya zauna a bakin gulbi kwana uku yana farke aikin hannunsa. Ya mayar da siririn zare, layi ɗaya, maɓallan kuma ya sa su yadda da an fizga za su zube.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Kafin rani ya ƙare rigunan sun fara ɓarkewa a hammata. Alhaji Hodi ya yi ta faɗa a gaban jama'a cewa telan nan ya lalace. Magana ta bi motoci ta iso Birnin Kebbi. Irimiya ya yi bayani, ga wanda ya tsaya ji, amma mutane ba su da haƙurin dogon zance, sun fi gane cewa hannunsa ne ya mutu yana neman hujja. Direbobi suka koma wurin wani, alhali nasu kakin bai rage masa ko zare ɗaya ba. Sara ta roƙe shi ya daina yi wa mutanen ruwa ɗinki gaba ɗaya, ko sunansa ya dawo. Ya ƙi. Ya ce in ya bari, wurin wani tela za su je, shi kuma zai yi musu mai ƙarfi don ya burge su. Haka ya koma mai faci, wani lokaci ya wuni kekensa bai juya ba.

Damina ta uku bayan haka, Abu, ɗaya daga cikin masu fiton, ya shigo rumfar ransa a ɓace. Ya jefa rigarsa a tebur, ta rabu biyu daga kafaɗa.

"Tela, kai dai ɗinkinka ba shi da ƙarko! Igiya ta maƙale, na nutsa in kwance ta, reshe yak kama ni. Ja guda na yi, ga abin da ta koma. Tsirara na hito gaban mata, ana ta yi min dariya."

Irimiya ya ɗauki rigar. Ya ga sabon ƙwarzane a bayan wuyan Abu, bai gama bushewa ba.

"'Ya'yanka nawa, Abu?"

"Huɗu. Mi ya kawo wagga tambaya?"

Hawaye suka zubo wa Irimiya. Ya juya baya ya share fuska da hannun riga, ya jawo siririn zaren nan ya zura a allura.

"Zauna," ya ce, "yanzu zan mayar maka da ita yadda take."