Sunan Ɗan Fari a Takardar Sulhu

Inna ba ta taɓa faɗin sunan yayana ba. Shi ne ɗan farinta, ita kuwa mutuniyar dauri ce. Tun muna yara "wancan" take ce masa. Ko baƙo ne ya zo mai irin sunansa, sai ta san yadda ta kewaye. Ranar da aka kawo gawarsa daga gonar gero a kan amalanke, da harsashi a wuya, abin da ta ce kawai a rufe ƙafafun wancan, ƙuda na damunsa.

Bayan damina biyu aka ce za a yi sulhu da mutanen daji. Wanda ya ɗauko zancen Alhaji ne, ɗan siyasar yankinmu na Bungudu. Tare muka yi firamare, ni na maƙale a farkon sakandare, shi ya wuce. Tun can haka yake. In biyu na faɗa ba ya tambayar wa ya fara, sai ya ce kowa ya ba kowa haƙuri. Da ya shiga siyasa bai taɓa zagin kowa ba, bai kuma taɓa tsaya wa kowa ba. Lokacin da jam'iyyarsu ta dare gida biyu, duka ɓangarorin a gidansa na Gusau suke cin abinci, waɗannan da azahar, waɗancan da la'asar. Da haka ya hau kujera, ya sauka, ya hau wata.

Mun so sulhun, ba zan yi ƙarya ba. Gonakin nesa duk sun zama jeji. Su ma can an kashe musu mutane, wasu a hanyar kasuwa, ba su ji ba ba su gani ba.

Tsarin shi ne a taru a wani fili ta wajen Tsafe, kowane ɓangare ya kawo sunayen mamatansa, a karanta a lasifika, liman ya yi addu'a, a gaisa hannu da hannu. Tunda ni ne mai ɗan boko a ƙauyen, mai unguwa ya ce in rubuta namu. Na bi gida gida, na jera su yadda aka kashe su. Yayana ya faɗo na huɗu.

Inna ta kira ni tana tsintar wake. Ba ta ɗago kai ba ta tambaya ko har da wancan. Na ce har da shi. Ta tambaya ko da ƙarfi za a faɗa. Na ce lasifika ce, har ƙauyen gaba za su ji. Sai ta ce a sama mata wuri a mota. Bakinta ba zai iya ba, kunnenta take so ya ji, ko sau ɗaya, a gaban jama'a.

Ana gobe taro na kai takardar Gusau da hantsi. Alhaji ya shimfiɗa ta kusa da tasu a kan tebur, ya auna su da ido kamar mai sayen yadi. Tamu ta fi tsawo da suna uku. Ya ce ba zai yiwu ba. In nasu ya ƙare namu na ci gaba, za su ga kamar gori ake yi musu, wani ya tashi, taro ya watse. A rage uku.

Na ce masa mutane ne fa, ba buhunan taki ba. Ya yi murmushi ya ce ai Allah Ya san su duka.

Na karɓi biro. Na soke wani ɗan cin rani da ba mu san danginsa ba. Na soke ɗan wata tsohuwa maƙwabciyarmu, kurma ce, na san ko an kira ba za ta ji ba. Saura ɗaya, ina bin layi ina neman wanda ya fi rashin gata, sai Alhaji ya zare biron.

"Wanga na huɗu ba yayanka ne ba?"

"Shi ne."

"To da shi za mu cike. Kai ka rubuta takarda. In naka ya fito na wasu bai fito ba, mi za ka ce wa mutane?"

Na ce masa Inna za ta zo. Ya san ta, ya sha cin ɗumamenta kafin mu tafi makaranta. Ya ce a gaishe ta da kyau, zai sa a ajiye mata kujera a gaba, cikin inuwa. Ya ja layi a kan sunan. Layinsa ya fi nawa miƙewa.

Na koma gida ban gaya mata ba.

A filin an kafa rumfa biyu, girmansu ɗaya, kujerar Alhaji a tsakiya. Ya cika alkawari, Inna ta samu kujerarta. Kurmar nan ta zauna a tabarma gefenta tana karanta fuskarta. Aka fara, ɗaya namu, ɗaya nasu. Da aka kira namu na uku na ga Inna ta janye mayafi daga kunnenta, ta sunkuyar da kai. Sai aka kira na biyar. Ba ta motsa ba. Ta bar kunnen a buɗe har takardun biyu suka ƙare tare, cif, aka shafa fatiha. Manyan baƙi suka yi ta rungumar Alhaji.

A motar dawowa, bayan mun wuce Gusau, kurmar ta taɓa gwiwar Inna, ta tambaye ta da hannu ko an kira nata. Inna ta gyaɗa mata kai. Tsohuwar ta ɗaga hannu sama tana godiya. Sannan Inna ta juyo gare ni.

"Wa ya riƙe biron?"

Na ce Alhaji ne.

"Kai kana ina?"

Na mai da ido kan titi. Muna gab da Bungudu sai ta buɗe baki ta faɗi sunan. Cikakke, har da na ubansa, da ƙarfi, irin yadda lasifikar ta yi wa na wasu. Matan da ke motar suka sadda kai kamar zaninta ne ya faɗi. Direba ya ƙara muryar rediyo don ya rufa mata asiri, a rediyon kuwa labarin taron ake, ana yaba hikimar Alhaji.

Sulhun ya riƙe har muka yi noma muka girbe, daga baya ya tsinke. Alhaji bai tsinke ba. Kujerarsa ta yanzu ta fi ta da, kuma duk inda ake zancen zaman lafiya shi ake fara ba lasifika.

Inna ba ta sake faɗin sunan ba. Ni dai ɗanta na uku ne, ba ta da dalilin jin kunyata, da sunana take tashina, da shi take zagina. Tun ranar nan ban sake jinsa a bakinta ba. In abinci ya sauka sai ta ce wa matata a kai wa wancan.