Gadon Da Kika Sa Aka Sauko Da Shi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina shayar da jaririyata Renske, mijina Wibe ya shigo daga garke ko takalmin roba bai cire ba, ya ce mini Goggo Hiske ta rasu. Goggo Hiske, zuciyarki ce ta tsaya kina zaune a ɗakin awo, bayan kin sallami mai ciki ta ƙarshe. Shekarunki sittin da huɗu, arba'in daga ciki kin yi su ne kina karɓar haihuwa a ƙauyukanmu na arewacin Friesland, a ƙasar Holand. Na yi kuka har na gode Allah. Amma yau da na ɗauki biro, ɗoki ne ya fi ƙarfina, domin akwai labarin da na ƙagu kowa ya ji.

Goggo kowa yake ce miki, har waɗanda suka girme ki. Ke kika karɓi haihuwata, ke kika karɓi ta Wibe, shi ya sa ba ki taɓa ɗaukar ɗayanmu babba ba. Ranar da na fara zuwa awo, kin gwada jinina, kika tambaye ni wace madara nake sha. Na ce ta tankinmu mana, ɗanya, kamar kowa a gidan gona. Kika ce daga yau sai dafaffiya, cukun ɗanyar madara ma mu yi sallama da shi. Wibe ya yi gyaran murya ya ce shi fa ya karɓi haihuwar maruƙa sun fi ɗari uku.

"Madalla, likitan shanu," kika ce. "Ran da Marrit ta fara tuƙa sai in bar maka ita. Kafin nan, ja bakinka ka riƙe mata jaka."

Haka muka yi wata takwas da ke. Kin bar ni ina hawa kekena har cikin ya hana ni ganin feda. Kin cusa mini ganye da wake don jinina ya yi ƙasa, kin koya mini numfashin naƙuda, kin ce duk ranar da na ji motsin ɗa ya ragu in kira ki, kada in tsaya jin kunya. Komai kika faɗa na bi, ban da magana guda.

A gida nake son haihuwa, a ɗakin sama, inda aka haife ni, aka haifi mahaifiyata. Da lokaci ya matso, Wibe ya ɗaga gadon yadda ake yi don kada bayan ungozoma ya sha wuya. Bai je aron katakon ɗagawa ba, akwatunan giya huɗu ya jera, ya ce haka babansa ya yi. Kika zo dubawa, kika jijjiga gadon, kika ce ya yi. Sai kika tsaya a kan matakalarmu, wadda take a miƙe kamar tsani, kika daɗe kina kallonta.

"A sauko da gadon nan falo."

"Falo, Goggo? Tagar da ke kallon titi, ko labule babu? Mai kawo wasiƙa ma ya sha kallo ke nan!"

"Sai a sa labule, sarauniya. Jininki bai kai yadda nake so ba. In abu ya ɓaci, wa zai sauko da ke ta nan? Ko so kike 'yan kwana-kwana su zaro ki ta taga?"

"Ai nan kika karɓe ni."

"Na karɓe ki, lokacin ina yarinya mara wayo irinki. Ko gado ya sauko, ko ki nemi wata ungozomar."

Aka sauko da shi. Ni kuwa na kumbura, mako uku ina gaishe ki ciki-ciki. Har na ce wa Wibe tsufa ya fara taɓa ki. Wannan maganar tana ci mini rai har yanzu.

Ranar Alhamis, shida ga Fabrairu, naƙuda ta taso ana tatsar safe. Kafin azahar Renske ta faɗo hannunki tana tsala ihu, Wibe na tsalle yana kuka kamar ba shi ne mai maruƙa ɗari uku ba! Ya ruga waje ya kafa shamuwar katako a ƙofar gida, alamar haihuwa a wajenmu, don maƙwabta su sani. Yana can ne mabiyiya ta ƙi fita, jini ya ɓalle. Na ga falon yana nisa da ni. Muryarki ko rawa ba ta yi ba. Kika yi mini allura, kika danne marata da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya, kina cewa, "Kalle ni, Marrit, ba inda za ki." Motar asibiti ta iso, suka turo gadonsu mai taya har gefen nawa, suka fita da ni ta ƙofar gaba kai tsaye. Daga tsayawarsu zuwa tashinsu, Wibe ya ce bai fi minti huɗu ba.

Washegari likita ta tambaye ni a wane ɗaki na haihu. Da na gaya mata, ta jinjina kai, ta ce da a sama nake, da ba lallai mu yi wannan hirar ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Nawa kunnen da ƙyar ya ji, ke kika ja shi.

Kin zo duba ni sau biyu, gida cike da 'yan barka ana cin busasshen biredi da alewar haihuwa. Nauyin baki ya kama ni. Na ce bari sai awon mako shida, mu biyu kaɗai, in ba ki haƙuri, in yi godiya yadda ta kamata. Saura kwana tara ranar ta zo kika tafi.

Baba Douwe, Jildou da Sietse, Allah Ya ba ku haƙurin rashin mata da uwa. Ku sani rabin ƙauyen nan a tafin hannunta ya fara numfashi, don haka makokin namu ne duka. Allah Ya jiƙanki, Goggo Hiske, Ya yafe miki kurakuranki, Ya karɓe ki da irin tausayin da kika karɓe mu.

Ki yafe mini fushin nan. Ke ce da gaskiya. Ga ni nan da raina, ina rubutu da hannu ɗaya, ɗayan yana rungume da Renske, kuma yarinyar nan za ta tashi da uwarta. Na gode.