Tabarmar Malam Hudu a Majalisa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba 1958, Allah Ya karɓi ran Malam Hudu Ɗantsoho a gidansa da ke kusa da Gagarawa Tasha, bayan gajeriyar jinya. Ni Rabe, abokin zamansa a majalisar gunduma, labarin ya iske ni a kasuwar Maigatari, har an riga an kai shi makwancinsa.

Malam, mun taso a zamanin da maganar mai sarauta ita ce doka. Da aka zo da sabon tsari, aka ce shugaba ba zai ƙara yanke hukunci shi kaɗai ba sai da majalisarsa, yawancinmu mun ɗauka zance ne kawai. Kai ka ɗauke shi da gaske.

Ban manta shekarar da wani dagaci ya sa aka shinge rijiyar gari ya haɗa ta da garkarsa ba. Mata suka koma ɗibar ruwan tafki, yara suka kwanta da kurkunu. Aka kawo maganar majalisa, kowa ya sunkuyar da kai. Ka gyara zama, ka gai da dagacin da ladabi, ka ce, "Ranka ya daɗe, jiya kana da ikon yin haka. Yau ba ka da shi." Aka cire shingen. Daga ranar aka daina kiranka ɗaurin aure a gidajen manya, ba ka kuma taɓa kokawa ba. Da dagacin ya kwanta ciwo, kai ka fara zuwa duba shi.

Bana kuma samarin jam'iyya, waɗanda suka yi ta yabonka a lokacin, suka zo da tasu. Suna so a ba shugaban majalisa, mutuminsu, ikon raba gonaki da korar ma'aikata ba tare da shawara ba, wai don aiki ya yi sauri kafin mulkin kai. Ka ƙi. Ka ce musu kujera takan daɗe fiye da mai zama a kanta, su tuna wanda zai hau bayan nasu ya sauka. Suka kira ka ɗan koren sarakuna. Uwargidanka Hannatu ta gaya mini wannan kalma ta fi ciwon cin ranka.

Mako mai zuwa za a sake kawo maganar. Na dubi fuskokin da za su zauna, ban ga wanda zai ce a'a tare da ni ba. Wannan ne ya ƙara mini nauyin rashinka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hannatu, da 'ya'yanka Hussaini da Yelwa, da jama'ar ƙasar Gumel. Allah Ya ba su haƙuri. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu bakin magana ranar da ya kamata. Amin.