Kalmar sirrin da ban taɓa canzawa ba

Da za a ba ni damar goge abu ɗaya a rayuwata, maganar da na faɗa wa matata a tsakar gidanmu zan goge. Na kira ta maƙaryaciya a gaban ƙawayenta, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Shekarun baya, bayan na yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ɗanmu da ke Legas ya kawo mana rauta, wannan ƙaramin akwati mai ƙahoni biyu da ke raba intanet a gida. Burinsa mu riƙa ganin jikoki a waya kowace Lahadi bayan sujada. Ya haɗa da tsohuwar kwamfutarsa, ya nuna mini lambobin da zan buga a burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, in shiga shafin saitin rautar. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, sai na fara jin kaina injiniya.

Ba a daɗe ba kiran Lahadi ya fara tsinkewa. Fuskar jikata sai ta daskare, baki buɗe. Na shiga shafin, na ga wayoyi uku a haɗe, alhali mu biyu ne a gidan. Matata ba ta ɓoye ba. Ta ce ita ta ba maƙwabciyarmu kalmar sirrin, gwauruwa ce, tare suke zumuntar mata a coci, tana koyon waƙoƙin kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci, da intanet ɗin. Na ce daga yau an daina. Ta ce to.

Na zauna gaban kwamfutar zan canza kalmar. Shafin bai buɗe da kyau ba, rubutu ya hau kan rubutu, gefe ɗaya fari fat. Ban damu ba, na ɗauka haka yake. Na sami gurbin, na share ɗige-ɗigen da ke ciki, na rubuta sabuwa, na danna babban maɓallin kwamfutar. Shafin ya ƙifta ya dawo da ɗige-ɗigensa. Na ce shi ke nan. Na faɗa wa matata sabuwar kalmar, na gargaɗe ta.

Kashegari na ji waƙar kwaya na tashi ta bayan katanga. Na duba, wayoyi uku.

Na sake canzawa. Wannan karon ban faɗa wa kowa ba, na rubuta a takarda na saka cikin littafin waƙoƙina a ɗaki. Bayan kwana biyu, har yanzu uku, kuma wayar matata na aiki lafiya lau. A tunanina hujja ta cika: ta bincika littafina, ta saka a wayarta, ta kai wa ƙawarta. Tawa wayar ma ba ta taɓa neman sabuwar kalma ba, amma na ce ai ni ne mai gida, na'urar ta san ni. Kun ji irin ilimina.

Ranar da abin ya faru lokacin citta ne. Mata huɗu na zaune a tsakar gida suna tsaga cittar da muka kawo daga gonarmu ta wajen Kwoi, har da maƙwabciyar. Na fito da takardar a hannu. Ba zan maimaita duk abin da na faɗa ba. Na ce an fara bincike mini kaya, na ce mace mai jagorantar addu'a a majami'a tana ƙarya a gidanta. Matata ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a zane.

"Baban yara, shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ka taɓa kama ni da ƙarya?"

"Na'ura dai ba ta ƙarya," na ce.

Matata ta ɗauki wuƙarta ta koma kan citta. Da yamma ta kawo wayarta ta ajiye mini a kan tebur, ta ce in riƙe, kada ta sake ɓata mini rai. Maƙwabciyar ta daina shigowa gidanmu, ta ba wani ya cire mata intanet ɗinmu daga waya. Na ga wayoyi sun ragu, na ce maganata ta yi aiki. Idan yara sun kira ran Lahadi, matata sai ta ɗaga musu hannu daga bakin kicin ta ce tuwo zai ƙone. Wata biyu muka yi a haka. Tana dafa mini abinci, muna addu'ar safe tare, amma ta daina yi mini tsiyar da ta saba game da tumbina.

Da Kirsimeti 'yarmu, malamar asibiti a Kachia, ta zo hutu. Ta nemi kalmar sirri, na ba ta ta cikin littafin, ta ƙi shiga. Ta gwada ta farko, wadda yayanta ya saka tun ranar farko, nan take ta shiga. Sai ta buɗe shafin rautar a wayarta, ta ajiye kusa da kwamfutata. A nata komai a jere yake, kuma can ƙasa ga wani shuɗin maɓalli na adanawa. A nawa babu shi sam. Ta ce burauzar kwamfutar ta tsufa, ba ta iya nuna shafin gaba ɗaya, kuma in ba a danna wannan maɓallin ba, babu abin da ya canza.

"Baba, ai ba ka taɓa canza komai ba," in ji ta.

Matata na tsaye a bakin ƙofa, ta ji. Ta dube ni tana jira. Ni kuwa na yi dariya, na ce lallai wannan kwamfuta ta ci amanata. Na mayar mata da wayarta, a satin na sayo mata atamfa. Ta karɓa, ta gode. Kalmar da take jira ban faɗa ba. Kullum ina cewa zan sami lokacin da ya dace, kada ya zama kamar ana tayar da tsohuwar magana.

Damina ta biyu bayan nan Ubangiji ya kira ta, ciwon kwana shida.

Bayan jana'iza da wata guda na je gidan maƙwabciyar, na durƙusa a gabanta da tsufana. Ta ɗaga ni, ta ce ita ta yafe tuntuni. Sai ta ce, "Amma Baba, ba nan ya kamata ka fara zuwa ba." Ta gaya mini matata ba ta taɓa kai ƙarata wurin Fasto ko wurin yara ba. Abin da kawai ta taɓa cewa shi ne, mijinta ba mugu ba ne, wata rana zai faɗa da bakinsa.

Har yau ina hidima a ikilisiya, ina sulhunta ma'aurata, kuma duk lokacin da na ce wa wani miji ya ba matarsa haƙuri sai in tuna ni ban ba tawa ba.

Ku da kuke karanta wannan, ina roƙonku. Idan shafi ya buɗe muku rabi da rabi, ku gwada wata burauzar ko wata wayar kafin ku ɗora wa mutum laifi. Idan kuma kun riga kun ɗora, kada ku je kasuwa neman atamfa. Ku shiga ɗaki yau, tun tana nan, ku ce mata, "Na yi kuskure, ki yafe mini."