Ciwon Inna, Biyu Cikin Goma

Inna ba ta taɓa faɗin sunan yayanmu ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Zongo har gobe ana wannan kunyar. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan na Faransa". In ya kira waya, gaisuwa biyu take yi masa ta miƙo mini. A lokacin da nake ba da labari, shekararsa bakwai bai taka Wagadugu ba.

Ciwon baya da ƙafafu ya kama ta tun tana sayar da atamfa a kasuwar Rood Woko, har ya raba ta da kasuwar, rumfar ta dawo hannuna. Barci kuwa sai dai gyangyaɗi a zaune. Ni ce mai shafa man zafi, ni ce mai goya ta a moto, wato babur, zuwa asibiti tana cije leɓe a kowane rami. Da abin ya tsananta, Yaya ya ce in bai ga sauƙi ba zai ɗauki hutu ya zo kafin azumi. Kafin nan ya aiko da wata na'ura ta hannun maƙwabcinmu da ya dawo daga can.

Wani kambun roba ne da ake ɗaurawa a kai, da soso biyu da ake jiƙawa da ruwan gishiri. Wai yana tura 'yar wutar lantarki cikin ƙwaƙwalwa, ta rage ciwo ta kawo barci. Kullum da hantsi sai Inna ta cire ɗankwali in ɗaura mata, ta zauna minti ashirin tana cewa tururuwa na yawo a goshinta. Ba zan yi wa na'urar ƙarya ba, makon farko ta ɗan runtsa. Daga nan ciwo ya koma inda yake.

In an cire, wayata takan yi tambaya da Faransanci: ciwon yau nawa ne cikin goma? Abin da na danna, Yaya yana ganinsa a tasa wayar. Ran farko na tambayi Inna.

"Shi zai gani?" in ji ta.

"Shi zai gani, Inna."

"To sa biyu."

"Inna, jiya ko tsugunawa alwala ba ki iya ba. In na sa tara, gobe zai yanki biyen jirgi ya taho."

"In aika wa ɗan fari da kuka? Rufa mini asiri, 'yar nan. In yana da niyya ai ya san hanya."

Na sa biyu. Haka kullum, wata rana uku in ta ga dama. Yaya sai murna a waya: "Kin gani ko, ƙanwata? Aparai ɗin nan yana aiki. Konje ɗin, hutun nan, bari in ɗaga shi zuwa Babbar Sallah." Daga Babbar Sallah ya koma ƙarshen shekara.

Har yau abin yana ci mini rai. Mutumin da aka haifa a ɗakin nan, wanda ya san ko ruwa uwarsa ba ta taɓa roƙonsa ba, shi ne ya yarda za ta kai masa ƙarar ciwo ta cikin waya. Ko sau ɗaya bai ce mini, ke me idonki ya gani ba. Lambar ta yi masa daɗi, shi ke nan. Ga kuma mata masu zuwa dubiya daga unguwannin Wemtenga da Gounghin, su juya na'urar a hannu suna sa masa albarka, wai Inna ta haifi ɗa. Ni kuwa ina ratsawa ta gabansu da fo a hannu, sannu ma sai wadda ta tuna.

Inna ta rasu da la'asar, wata guda kafin Babbar Sallah. Yaya ya iso ranar sadakar uku. Na ji shi a zaure yana nuna wa maza wayarsa, yana cewa alhamdu lillahi, ko ba komai ba ta sha wahala a ƙarshe ba. Da ya shigo ɗakinta ya zauna a bakin gado, ban bari ya gama gaisuwa ba.

"Yaya, ciwon nan bai taɓa sauka ƙasa da takwas ba. Ni nake danna lambobin."

Ya ɗago kai. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ita ta hana."

Ya kifa kai ya yi kuka irin na yara, na tsaya a kansa ban ba shi haƙuri ba. Kuma gaskiya na faɗa masa, sai dai ban faɗa duka ba.

Saura sati uku ta rasu, na cire mata kambun na yi tambayar da na saba. Ba ta ce biyu ba. Ta juya fuska bango ta ce, "Sa abin da idonki ya gani." Na san Inna. Iyakar kiran da za ta iya yi masa ke nan a duniya. Na tsaya da waya a hannu, bayana yana ciwo saboda ɗaga ta, sai na hango shi ya sauka da akwatuna, an yanka masa kaji, gida ya cika da guɗa, ita ta ƙoƙarta ta tashi zaune saboda shi, abin da ta daina yi saboda ni. Na danna biyu. Washegari ma biyu.

Ba ta tambaye ni abin da na sa ba. Amma tun daga ranar, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai daga matashi, ta ce in leƙa in ga ko wane ne.